Sunayen Wuraren Yawon Buɗe Ido a Maiduguri da Kewayenta: Nazarin Ma'ana da Sauyin Furuci

1.0 Gabatarwa

Ƙasashen da suka yi nisa a sha'anin yawon buɗe ido sukan kasa abubuwan da ke jawo musu baƙi gida huɗu, wato gine-ginen tarihi, da dazuzzukan namun daji, da gaɓar ruwa, da kuma yankunan da suka yi suna wajen wani amfanin gona, kamar gonakin inabi na Faransa da na Afirka ta Kudu. In aka auna Maiduguri da ƙasar Barno da wannan ma'auni, za a tarar kowane gida yana da wakili. Akwai fadar Shehu da kufan tsofaffin birane, akwai Sambisa da Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, akwai gaɓar tafkin shi kansa, sannan akwai garuruwan da sunansu ya bi kayan da suke fitarwa.

Sai dai waɗannan wurare sun gamu da jarrabawa iri biyu a 'yan shekarun nan. Ta farko ita ce rikicin Boko Haram da ya ɓarke a Maiduguri a watan Yuli na 2009, wanda ya sa hanyoyin zuwa da yawa daga cikinsu suka zama masu haɗari. Ta biyu kuwa ita ce ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024. Akwai kuma wata asara ta uku da ba a cika kula da ita ba domin ba ta da ƙara, wato ɓacewar ma'anar sunayen wuraren daga bakin jama'a. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sunayen suna ƙunshe da bayanin da baƙo yake bukata game da wuraren, kuma wannan bayani yana zubewa a yayin da sunayen suke ƙaura daga Kanuri zuwa Hausa da Ingilishi. An kawo misalan Kanuri ba tare da alamar karin sauti ba.

2.0 Yanayin Harsuna a Maiduguri

Maiduguri ba tsohon birni ba ne in aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. A shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, kusa da wani tsohon ƙauye mai suna Maiduguri, bayan da Turawan Ingila suka zaɓi wurin ya zama mazaunin mulkinsu a Barno. Isowar jirgin ƙasa a 1964, da zaman garin hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da ta Jihar Barno a 1976, sun jawo masa baƙi daga ko'ina. Kanuri, wanda Hausawa suke kira Barbarci, shi ne harshen fada da na tsofaffin unguwanni. Akwai kuma Larabcin Shuwa da Fulatanci da Babur-Bura da Margi da harsunan duwatsun Gwoza. A tsakanin waɗannan al'ummu Hausa ce ta zama harshen kasuwa da tasha da titi.

Cuɗanyar Hausa da Kanuri ta girmi Maiduguri nesa ba kusa ba. Greenberg (1960) ya kawo hujjojin da ke nuna cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Kanuri suka shigo Hausa. Haka nan sarautun Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla daga Barno aka aro su. Abin lura shi ne, a da Kanuri ne yake bayarwa Hausa tana karɓa, amma a Maiduguri ta yau akalar ta juya. Wannan juyi ne ya sa baƙon da ya zo garin yakan fara jin sunan wuri da furucin Hausa ko na Ingilishi kafin ya ji na masu wurin.

3.0 Gine-ginen Tarihi

3.1 Birnin da Unguwanninsa

Mabuɗin fahimtar taswirar Maiduguri wani ɗafa-ƙeya ne na Kanuri, wato -ri, wanda yake nuna mazaunin wani mutum ko wasu mutane. Alal misali:

(1) a. Shehu + ri = Shehuri 'mazaunin Shehu'
b. Bulama + ri = Bulamari 'mazaunin mai unguwa ko dagaci'
c. Hausa + ri = Hausari 'mazaunin Hausawa'
d. Liman + ri = Limanti 'mazaunin liman'
e. Maidugu + ri = Maiduguri 'mazaunin maidugu'

A misali na (1d) ɗafin ya zo da siffar -ti bayan baƙin hanci. A (1e) kuwa, maidugu laƙabi ne na jikan Mai, wato jikan sarki, kamar yadda maina yake nufin ɗan sarki. Ke nan sunan birnin da kansa yana nuni ga daular Sefawa, wadda sarakunanta suke amsa sunan Mai, tun kafin gidan Shehu ya karɓi mulki a ƙarni na 19. Aikin da -ri yake yi a nan ya yi kama da na -awa a sunayen unguwannin Kano kamar Agadasawa da Daurawa. Akwai kuma unguwar Fezzan, wadda ta ɗauki sunan yankin kudancin Libiya inda fataken hamada suke fitowa, da Bulabulin, daga bǝla 'gari' da bǝlin 'sabo', wato daidai da Sabon Gari a ƙasar Hausa. Shi kuwa sunan Yerwa, fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda ta danganta shi da herwa 'mai alheri', daga kalmar Larabcin da ta ba Hausa alheri.

Fadar Shehu tana fuskantar wani faffaɗan fili mai tsawo da ake kira dandal, inda ake hawan salla. Wannan tsari na fada a gabas da dandal ya miƙe yamma tsohon tsarin garuruwan Barno ne. Daga nan ne Hausa ta sami kalmar dandali, ta hanyar ƙara wasalin ƙarshe. Amma ma'anar ta faɗaɗa a Hausa har ta koma kowane filin wasa ko na taruwa, ta rasa dangantakarta da fada. Saboda haka Bahaushen da aka ce masa ga dandali zai ga fili ne kawai, alhali Babarbare yana ganin ƙashin bayan tsarin gari.

3.2 Gazargamu da Kukawa da Dikwa

Manyan biranen Barno uku da suka gabaci Yerwa su ne ginshiƙin yawon buɗe ido na tarihi a yankin. Na farko shi ne Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a kashi na biyu na ƙarni na 15, masu jihadi kuma suka ci shi a 1808. Kufansa yana cikin Jihar Yobe ta yanzu, wadda aka cire daga Barno a 1991. Na biyu shi ne Kukawa, wanda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, kuma a can kabarinsa yake. A nan ne Denham da Clapperton suka sauka a 1823, Barth a 1851, Nachtigal kuma a 1870. Na uku shi ne Dikwa, inda Rabe ya kafa mulkinsa bayan ya rushe Kukawa a 1893, har zuwa lokacin da Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900.

Sunan Kukawa misali ne na yadda kamannin sauti yake ruɗar mai sauraro. Bahaushe zai iya yanka kalmar kamar yadda yake yanka Kanawa ko Katsinawa, ya ɗauka sunan wasu mutane ne. A Kanuri kuwa kuka ce aka ɗafa wa -wa mai nuna mallaka, wato 'wuri mai kuka'. Bayan da mayaƙan Wadai suka ɓarnata garin a 1846, Shehu Umar ya sake gina shi a matsayin tagwayen garuruwa da dandal ya haɗa su. Sunayen da Barth ya rubuta musu sun ginu ne a kan bǝla 'gari' da gǝdi 'gabas' da fute 'yamma', tare da ɗafin mallaka -be. Garin gabas na Shehu da fadawa ne, na yamma kuma na talakawa da fatake. Duk wanda ya riƙe waɗannan kalmomi uku zai iya tsayawa a kufan ya gane inda kowane rukuni ya zauna.

Ginin Rabe na Dikwa, wanda yake cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, yana da tasa matsalar ta fassara. Ingilishi ya kira shi da kalmar da ke nufin mafakar soja. A Hausa kuwa akwai zaɓi tsakanin ganuwa da sansani da fada da gida, kuma kowace kalma da hukuncin da take yankewa. Wanda ya ce sansanin Rabe ya ɗauke shi maharin da ya yada zango, wanda ya ce fadar Rabe kuwa ya amince masa da sarauta. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da har yanzu zuriyar waɗanda ya yaƙa suke kan gadon mulki.

4.0 Namun Daji

Kalmar safari da masu harkar yawon buɗe ido suke amfani da ita Ingilishi ya aro ta ne daga Swahili, shi kuma daga safar ta Larabci. Tushen nan ne ya ba Hausa kalmar safara, amma a Hausa ma'anar ta karkata ga fatauci da jigilar kaya. Don haka ba za a fassara waccan da wannan ba. Abin da ya fi dacewa shi ne yawon kallon namun daji.

A cikin birnin akwai gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda aka kafa a 1970. Da yawa daga masu ziyara gidan zu kawai suke ce masa. Amma sunan na asali yana ɗauke da wani ɗafin Kanuri, wato -mi 'ɗan wane', wanda takwaransa na mace shi ne -ram. Kyarimi na nufin 'ɗan Kyari'. Shehu Umar Sanda Kyarimi ya mulki Barno daga 1937 zuwa 1967, mahaifinsa kuwa shi ne Shehu Kyari wanda Rabe ya kashe. Ashe ke nan gaɓa ɗaya tak a ƙarshen sunan ita ce ta haɗa wannan lambu da ginin da ke Dikwa. A ambaliyar 2024 hukumar gidan ta ba da sanarwar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, wasu kuma irin su kadoji da macizai ruwa ya kwashe su zuwa cikin unguwanni.

Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, yana da faɗin murabba'in kilomita 2,258, kuma sassa uku ne. Akwai Chingurmi-Duguma a ƙasar Bama, mai iyaka da gandun Waza na Kamaru, inda aka san giwaye da raƙuman dawa da jiminu suna ƙetarowa. Akwai fadamun Bade da Nguru, waɗanda suka haɗa da Dagona, matattarar tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai a lokacin hunturu. Akwai kuma dausayoyin Bulatura a cikin tuddan rairayi na Yusufari.

Babu sunan da ya sha sauyin ma'ana kamar Sambisa. An keɓe wannan daji, wanda yake kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Maiduguri, tun a 1958 domin kare namun daji, kuma a shekarun 1970 wurin yawon kallonsu ne. Tun daga sace 'yan matan sakandaren Chibok a watan Afrilu na 2014 kuwa, sunan ya koma yana nufin maɓoyar 'yan ta'adda, har ma akan yi kwatance da shi ga duk wani wuri mai hatsari ko da a wata jiha yake. Wannan shi ne munanar ma'ana a fagen ilimin ma'ana. Yaron da aka haifa bayan 2009 bai san Sambisa da wata ma'ana ba sai wannan, kuma ko da an sami zaman lafiya gobe, sai an yi aiki a kan sunan kafin baƙo ya yarda ya nufi wurin.

5.0 Gaɓar Ruwa

Barno ba ta da teku, amma Tafkin Chadi ya maye mata gurbinsa. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya sa sararin ruwan ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Baga, wadda ta shahara da kasuwar kifi, ta fuskanci mummunan hari a watan Janairu na 2015.

A sunayen ruwa ne aka fi ganin abin da za a iya kira maimaicin ma'ana, wato a haɗa kalmar Hausa da ta Kanuri alhali abu ɗaya suke nufi:

(2) a. Tafkin Chadi: sadǝ 'babban ruwa, tafki'
b. Kogin Komadugu: kǝmaduwu 'kogi'
c. Kogin Ngadda: ngada 'rafi, ƙaramin kogi'

Wanda ya ce Kogin Komadugu, kogin kogi ya ce ba tare da ya sani ba. Irin wannan yakan faru ne idan sunan gama-gari na wani harshe ya daskare ya zama sunan yanka a bakin waɗanda ba sa jin harshen. Haka kuma mazauna tsibiran tafkin, masu kiwon shanun Kuri da tuƙa kwalekwalen ciyawa, Yedina suke kiran kansu. Buduma suna ne da Barebari suka ba su, wanda ake fassarawa da 'mutanen ciyawa'. Ya kamata littafin jagorar baƙi ya san wanne ne na gida, wanne ne na maƙwabta.

Tsohuwar shaidar zirga-zirga a ruwan yankin ita ce kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994. Tsawonsa mita 8.4 ne, shekarunsa kuma sun kai kimanin 8,000, wato babu jirgin ruwan da aka gano a Afirka da ya girme shi. Sunan wani ƙaramin ƙauye ya shiga littattafan duniya ta dalilinsa.

6.0 Sunan Wuri a Kan Kaya

A Faransa doka ce ta hana a sa wa abin sha sunan yankin Shamfen in ba a can aka yi shi ba, domin sunan wurin shi ne jarin manoman, kuma shi yake kawo baƙi su ga gonakin. Barno ƙasar Musulmi ce, ba ta da wannan sana'a, amma tana da kayan da sunan wuri ya bi su, kamar bandar Baga da hular Bama da turaren wutan Maiduguri. Mafi ban sha'awa ga mai nazarin harshe ita ce kanwar da Hausawa suke kira ungurnu, wadda ake danganta sunanta da garin Ngurno na kusa da Kukawa, inda al-Kanemi ya zauna kafin ya gina sabon birninsa. Matan da ke sayen ungurnu a kasuwannin Kano da Zariya ba su san sunan gari suke ambata ba.

7.0 Hanyoyin Sauyin Furuci

Daga misalan da suka gabata za a iya fitar da hanyoyi uku. Ta farko ta shafi baƙin hanci a farkon kalma. Tsarin gaɓar Hausa bai yarda da cunkoson baƙaƙe irin na /ng/ a farkon kalma ba, don haka ko dai a shafe ɗan hancin, ko a sa wasali a gabansa:

(3) a. Ngazargamu > Gazargamu
b. Nguru > Guru
c. Ngaddabul > Gadabul
d. Ngurno > ungurnu

A (3c) asalin sunan ngada 'rafi' ne da bul 'fari'. Da aka shafe ɗan hancin sai farkon kalmar ya yi kama da gada ta Hausa, wanda hakan ke buɗe ƙofar fassarar jin kunne.

Hanya ta biyu ita ce musanya wasalin tsakiya /ǝ/, wanda babu shi a Hausa, da wani wasali, kamar yadda bǝla ta koma Bula a Bulabulin. Hanya ta uku kuwa ta sha bamban da sauran, domin a nan Kanuri ne ya sauya, Hausa da rubutun boko suka tsaya. A Kanurin Yerwa baƙaƙen /k/ da /g/ sukan raunana a tsakanin wasula, shi ya sa ake jin Maiduwuri a bakin 'yan gari, da kuwa a maimakon kuka. Ke nan siffofin Maiduguri da Kukawa da Komadugu sun adana tsohon furuci ne. Wannan ya nuna cewa ba kowace siffar Hausa ce gurɓatacciya ba. Wasu shaida ce ga mai nazarin tarihin Kanuri, kuma bai kamata a share su da sunan gyara ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗafe-ɗafe kaɗan, wato -ri da -wa da -mi da -be, tare da 'yan kalmomi irin su bǝla da dandal da ngada, sun isa su buɗe wa baƙo tarihin wuraren da yake kallo. Kayan aikin ma suna nan. An daidaita ƙa'idar rubutun Kanuri tun a tsakiyar shekarun 1970, akwai nahawun Hutchison na 1981, da ƙamusun Cyffer da Hutchison na 1990, da littafin da Kawka ya tace a kan Maiduguri a 2002. Aikin da ke gaban masana shi ne tattara sunayen wuraren a kundi guda, kowane suna da furucinsa na Kanuri da karin sautinsa, da siffarsa ta Hausa, da ma'anarsa, da kuma labarin da dattawa suke bayarwa a kansa. Daga irin wannan kundi ne za a sami abin rubutawa a allunan da ake kafawa a wuraren, da abin koya wa masu yi wa baƙi jagora.

Gaggawar aikin a fili take. Rikicin ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu a Arewa maso Gabas, kuma da yawa daga dattawan Kukawa da Baga da Dikwa da Bama sun yi shekaru a Maiduguri, inda jikokinsu suke tashi da Hausa a bakinsu. Waɗannan dattawa su ne suka san sunan kowane tsibiri da kowace fadama da dalilin sa shi. Ginin da ya rushe ana iya sake ɗaga shi, gidan namun daji ma ana iya sake zuba masa dabbobi, amma sunan da mai fassara shi ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, sai dai a yi ta hasashe a kansa. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Sassan nazarin harsuna na jami'o'in ƙasar nan, musamman masu koyar da Hausa da Kanuri a ƙarƙashin rufi ɗaya, su ne suka fi cancanta su fara wannan tattarawa tun masu bayanin suna raye.